A tilasta wa kowane saurayi shiga soja? Amsar wani tsohon samanja daga Gusau

Tambayar da anka turo mini ita ce: "Salamu alaikum Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne a nan Gusau amma ɗan ƙasar Maru ne. Ina ta jin ana muhawara a ƙasashen Turai kan dawo da aikin soja na dole, wasu har sun dawo da shi. Mu da ɓarayin daji sunka hana noma, ba mu munka fi buƙatar wanga abu ba? Da kowane saurayi ya yi shekara guda a bariki ya iya bindiga, ai da ba a tashe mu daga garuruwanmu ba. Mi kunka gani?"

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya maida ku gidajenku lafiya. Na san daga inda tambayar taka ta fito, don wanda bai taɓa barin hatsinsa a gona ya gudu ba ba zai gane zafin da ke cikinta ba. Ni ma ina da dangi da ke zaune a kangon mutane a nan cikin gari yau shekara huɗu ke nan. Na yi shekara 32 cikin kaki, na je Laberiya, na je Darfur, na yi Borno, kuma shekara 9 daga ciki aikina shi ne horar da kurata, saboda haka abin da zan faɗa maka daga filin fareti da daji na samo shi. Amsata a taƙaice ita ce a'a, a halin da muke ciki yanzu ban goyi bayan a tilasta ba, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka ce tsoho ya ji tsoro.

Mu fara da kalmar "dawo da" ɗin nan. Su Turawa suna da abin da za su dawo da shi, mu ba mu da shi. Tun 1960 Najeriya ba ta taɓa yin dokar da ta ce kowane ɗan shekara 18 sai ya shiga soja ba. Abin da munka sani na dole a ƙasar nan na zamanin Turawan mulki ne, lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'adda ake yanka wa kowane hakimi adadin mazan da zai kawo, wasu a kai su haƙar kuza a Jos, shi ne diban gwamna da tsofaffi ke faɗa, wasu kuma a sa musu kaki a zuba su jirgin ruwa sai Boma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da sunka yaƙi Japan a dajin Boma cike suke da mutanen Arewa, barikin Chindit na Zariya ma daga can sunansa ya samo asali. Kakata ta sha ba mu labarin yadda samari ke kwana cikin karan dawa in anka ji dogarai sun shigo gari, kuma ta ce ɗan mai gari ba a taɓa ɗibarsa ba, kullum ɗan wanda ba ya da kowa ne ke tafiya. Ka riƙe wagga magana, zan dawo kanta.

Ta fuskar doka kam hanya a buɗe take. Sashe na 220 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar tarayya ikon yin dokar horon soja ko aikin soja na dole ga 'yan ƙasa, sashe na 24 kuma ya lissafa kare Najeriya cikin haƙƙoƙin da ke wuyan kowane ɗan ƙasa. To ka ga ba doka ce ta hana ba, in majalisa ta so gobe sai ta yi. Abin dubawa shi ne ko zai yi mana magani.

Su can mi ya kai su ga wagga muhawara? Bayan da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 sai sunka ga ba sauran babban yaƙi a gabansu, kowa ya rage soja. Ingila ma tun 1960 ta daina ɗiba, Amurka ta daina a 1973 bayan abin da ta gani a Biyetnam, Faransa ta sallami na ƙarshe a 2001, Suwidin ta dakatar a 2010, Jamus a 2011. Sai Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, nan take Lituweniya ta dawo da shi a 2015, Suwidin a 2017, da Rasha ta afka wa Yukren gaba ɗaya a Fabrairun 2022 kuma sai Latbiya ta bi sahu, Denmak ta sa mata a ciki daga 2025. Jamus ta yi sabuwar doka a ƙarshen 2025 wadda ta ce duk namijin da ya cika 18 dole ya cike takardar tambayoyi kan lafiyarsa da ko yana da sha'awa, amma shiga ɗin har yanzu ganin dama ne, sai in ba a samu adadin da ake so ba majalisa ta sake zama, kuma duk da haka 'yan makaranta sun fito kan titi suna cewa ba su yarda ba. A Ingila Rishi Sunak ya kawo maganar lokacin kamfen na 2024, ya faɗi zaɓe, maganar ta bi shi.

To duba abu biyu da sunka haɗa ƙasashen nan. Na farko, abin da suke tsoro ƙasa ce mai tankoki da igwa da jirage da za ta tsallako iyaka, irin yaƙin da ake buƙatar dubun dubatar mutane su tsaya a rami su riƙe layi. Finlan mutum miliyan 5 da rabi ce kacal ga iyakar kilomita 1,300 da Rasha, shi ya sa ba ta taɓa daina ɗibar samarinta ba, ba ta da wata dabara. Na biyu, kuma shi ne babba, su ba su da masu son shiga. Haihuwa ta yi ƙaranci, tsofaffi sun yi yawa, saurayi yana da aikin da ya fi soja albashi, Jamus na da soja wajen dubu 180 tana neman ta kai dubu 260 ta rasa inda za ta samo su. Ciwonsu rashin mutane ne.

Mu fa? Ɗana ka taɓa zuwa wurin tantance masu neman soja a nan Gusau ko Birnin Kebbi? Ni na tsaya a irin wanga fili ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Tun kafin asuba yara sun cika wuri, wasu sun kwana a tasha, wasu a masallaci, daga Gummi, daga Shinkafi, daga Tsafe, da farin gajeren wando da takardu cikin leda, kuma a ƙarshe gurbin da jiha ke da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na waɗanda sunka zo ba. Na ga yaro ƙaƙƙarfa ya zo na ɗaya a gudu, lafiyarsa lau, anka ce gurbi ya cika, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar an yi masa mutuwa, karo na uku ke nan yana zuwa kuma shekarunsa sun kusa wucewa. Ƙasar Zuru kuwa ba sai an faɗa ba, gida nawa ne babu soja ko tsohon soja, masarautar da tsohon janar, marigayi Sani Sami, ya yi shekaru yana sarautarta. To ƙasar da ke korar masu roƙon a ɗauke su, mi zai sa ta koma farautar waɗanda ba su so? Mu abin da munka rasa shi ne wurin horarwa, da kuɗin riƙe mutum, da kayan da za a ba shi.

Bari mu yi lissafi, don masu wagga magana ba su cika son lissafi ba. Najeriya ta haura mutum miliyan 220, kuma duk shekara sama da miliyan 4 ke cika shekara 18. Cire mata, saura miliyan 2. Mu ce ba duka za a ɗiba ba, a yi irin na Suwidin da ke zaɓar kaɗan daga cikin masu cika 18 a shekara guda, a ɗauki ɗaya cikin goma, dubu 200 ke nan kowace shekara, wato kusan yawan dukkan sojan ƙasa da na ruwa da na sama da muke da su yanzu. Daffon Zariya, wanda yake nan tun 1924, yana yaye kurata wajen dubu 5 zuwa 6 a zubi guda bayan wata 6, in an yi zubi biyu a shekara dubu 12 ke nan. Ka ga sai an gina irin Daffo fiye da 15 kafin a iya ɗaukar wanga ɗaya cikin goma. Mu ƙaddara abincin kowane kurtu naira 3,000 ne a rana, naira miliyan 600 ke nan kullum, a shekara ya haura biliyan 200, tuwo kawai fa, ba a zo maganar kaki da takalmi da katifa da magani da alawus ba, ba a zo maganar harsashin koyon harbi ba, wanda in ba a ba yaro isasshe ya harba ba to sunan ya iya bindiga kawai ya yi.

Sannan wa zai koyar da su? Wanga shi ne abin da farar hula ba su gani. Kurtu ba ya zama soja da kansa, kofur da saje ne ke maida shi soja, su ke kwana da shi su tashi da shi. Mutum dubu 200 na buƙatar dubban ƙwararrun kofurori da sajoji, kuma ba a sayo su a kasuwa, shekara 8 zuwa 10 ake yi kafin a samu saje na kirki. Daga ina za a ciro su? Daga Dansadau da Zurmi da Marte da Malam Fatori, daga inda ake fafatawa yanzu. Wato don a horar da yaran da ba su so, sai a kwashe mutanen da sunka fi kowa iya aikin daga bakin daga.

Kuma yaƙin namu wani iri ne. Ɓarawon daji ba ya riƙe layi, ba ya da bariki, babura 50 ko 100 ne kowane da goyon mutum biyu, su fito daga Sububu ko Kuyambana ko Munhaye su buga su koma kafin labari ya kai inda ya kamata, sun san kowace ƙorama da kowane dutse, suna da infoma a cikin gari da ke gaya musu motar soja nawa ta fita da ƙarfe nawa. Maganin irin wanga abokin gaba shi ne labarin sirri mai kyau, da ƙananan rundunoni na mutanen da sunka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, da babura da motoci masu sulke, da jirgi mai zuwa a kan lokaci, sannan in an kore su a samu wanda zai zauna ya riƙe wurin. A Borno na ga yadda sabon yaro ke yi ranar da ya fara jin ruwan harsashi, wani ya daskare, wani ya ƙarar da harsashinsa duka a sama cikin minti biyu, kuma waɗanga su sunka kawo kansu fa, da son ransu sunka zo. Sai ya yi kamar shekara a daji kafin ka iya juya masa baya hankalinka kwance. To na dole mai wata 12, wata 6 horo, wata 6 aiki, daidai lokacin da ya fara bambanta ƙarar bindigar abokinsa da ta ɓarawo sai a ce ya tattara ya tafi gida, a kawo wani sabo. Ni dai ba zan so in jagoranci irin waɗanga yara cikin dajin Bagega ba, don na san gawa nawa zan ɗauko, kuma ni zan tsaya gaban iyayensu.

Amma wallahi duk wanga ba shi ne ya fi hana ni barci ba. Abin da ya fi damuna shi ne ranar sallama. A Finlan yaro ya gama ya koma jami'a ko kamfaninsa, sunansa na cikin kwamfuta, an san gidansa. A nan ya gama ya koma ina? Ya koma garin da anka tasa, ko bakin tasha, ba aiki ba jari, amma yanzu ya iya kwance AK-47 ya haɗa ta cikin duhu, ya san yadda ake kwanton ɓauna, ya san yadda soja ke tafiya da yadda suke magana a rediyo. Dubu 200 a bana, dubu 200 baɗi, shekara biyar miliyan guda. Ko ɗaya cikin ɗari ne yunwa ko zuciya ta ja shi daji, mutum dubu 10 ke nan masu horo. Mun taɓa ɗanɗana irin haka. Kafin yaƙin basasa a 1967 sojan Najeriya wajen dubu 10 ne, da anka gama a 1970 sun kai wajen dubu 250, gwamnati ta yi shekaru tana fama da yadda za ta rage su, bindigogi sunka bazu a hannun mutane, fashi da makami ya yi yawan da sai da anka yi dokar harbe 'yan fashi a bainar jama'a a 1970. Wancan ma ƙasar na da kuɗin mai a lokacin.

Ka ƙara da wanga: in ka ce kowa, to kowa ke nan. Yaran da ke riƙe wa shugabannin ɓarayin daji irin su Turji bindiga da yawansu ba su wuce 16 zuwa 20 ba, infoma kuma a cikinmu yake, tare muke sallah. Mai neman soja da kansa ana bin sa da takardar ƙaramar hukuma da sa hannun masu tsaya masa, duk da haka ana samun ɓaragurbi su sulale. To ina ga an buɗe ƙofa an ce dole kowa ya shigo, a ƙasar da yara da yawa a ƙauye ba su da takardar haihuwa, ba wanda zai iya rantsuwa wane 17 ne ko 21? In kuma an ce a bar wa masu unguwanni da hakimai su kawo suna, mun koma diban gwamna, kuma a yanayin da ake ciki tsakanin Hausawa da Fulani a jihar nan kai ma ka san rugar da ba za a je ba da wadda za a je da gayya. Mun ga abin da ya faru da 'yan sa-kai. Da yawansu mazaje ne na gaske da sunka tsaya lokacin da ba kowa, sama da 60 anka kashe a kwanton ɓauna guda a ƙasar Sakaba a Maris na 2022, Allah ya jiƙansu. Amma kuma ba mai musun cewa yanka mutane a kasuwa ba shari'a don kawai kamanninsu ya ƙara wa wutar nan fetur, ramuwa ta bi ramuwa, tun kafin kisan gillar da anka yi a 'Yar Galadima a 2014 har zuwa yau. Bindiga a hannun wanda ba ya ƙarƙashin doka da kwamanda, ko da niyyarsa mai kyau ce, ƙarshenta kuka ne.

Yanzu bari in ba masu goyon baya haƙƙinsu, don suna da hujjar da ni kaina take taɓa ni. Suna cewa ranar da ɗan gwamna da ɗan sanata da ɗan janar sunka kwana a rami a Dansadau, ranar za a ga motoci masu sulke sun iso, alawus ya fito a kan kari, yaƙin ma ya ƙare. Wallahi gaskiya ne, da za a yi hakan. Na binne yara da yawa, ban taɓa binne ɗan wani babba ba, duk ɗiyan manoma ne da ɗiyan tsofaffin sojoji da ɗiyan masu tura baro. Akwai matar wani yarona da ya rasu a hannuna, shekara uku tana hawa mota tana zuwa wani ofishi neman haƙƙin mijinta, ana ce mata fayil bai sauko ba, har ta sayar da keken ɗinkinta don kuɗin mota. Da mijinta ɗan wani ne da a sati guda an gama. Saboda haka na fahimci mai cewa a ɗebo kowa a ji yadda ake ji.

Sai dai tarihin abin bai nuna haka yake faruwa ba. A Amurka lokacin yaƙin basasarsu, dokar 1863 ta yarda mai hali ya biya dala 300 a ƙyale shi. Lokacin Biyetnam ɗiyan masu kuɗi sunka fake da karatun jami'a da takardun likita, talakawa da baƙaƙen fata sunka cika jirage, Muhammad Ali da ya tsaya a 1967 ya ce ba zai je ba sai da anka ƙwace kambunsa na dambe, sai a 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. A Turkiyya yau ɗin nan doka ce, ka biya kuɗi ka yi wata guda ka tafi abinka. To mu nan, da muke ganin yadda ake canza wa ɗiyan manya wurin bautar ƙasa daga ƙauye zuwa Abuja da waya guda, kana jin ɗan wani zai iso Dansadau? Zai fito da takardar asma, ko a ce yana karatu a Dubai, ko a ajiye shi hedikwata yana ɗaukar fayil. Wanda zai je daji kai ne ɗana, da ƙanenka, kuma lokacin damina za a ɗebe ku a bar tsoho shi kaɗai da fartanya.

Hujja ta biyu ita ce tarbiyya da haɗin kai, ita ma akwai gaskiya a ciki. Ni bariki ce ta sa na ci kwano guda da Tibi da Ibo da Bayarabe, wanda ya ɗauke ni a kafaɗa a Laberiya sa'adda na ji rauni Kirista ne daga Binuwai, har gobe muna waya. Amma don wanga ne Janar Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973, kuma ka duba halin da take ciki, sansanin Tsafe sai da anka ɗauke shi anka dawo da shi Gusau saboda tsaro, a Agustan 2023 anka sace masu zuwa bautar ƙasa 'yan Akwa Ibom a kan hanyar jihar nan za su Sakkwato. Wanda muke da shi na sati 3 a sansani ba mu gama iya tsare shi ba. Tarbiyya kuma, ni da na yi shekara 9 ina wanga aiki ina gaya maka fareti na gyara tafiyar yaro da tsayuwarsa da yadda yake kiyaye lokaci, amma wanda ya zo da halin ɓera da shi yake fita, sai dai ya ƙara iya gudu. Wata 6 ba ya gyara abin da gida da makaranta sunka bari shekara 18.

Ka kuma kalli maƙwabtanmu na Afirka, don sun fi kama da mu. Maroko ta dawo da shi a 2019, wata 12, amma kaɗan take ɗiba kuma tana haɗa musu da koyon sana'a, masu so ma sun ishe ta. Masar ta daɗe tana yi, shekara 1 zuwa 3 gwargwadon karatunka. Eritiriya kuwa ta fara da wata 18 a 1995, da yaƙinta da Habasha ya ɓarke a 1998 sai wa'adin ya zama ba ranar fita, mutum ya shiga yana saurayi ya yi furfura a ciki, shi ya sa samarinsu ke tsallaka sahara suna nutsewa a teku. A Burkina Faso bayan dokar gangamin 2023 an ga yadda anka kwashi 'yan jarida da masu sukar gwamnati har da alƙalai anka tura su bakin daga da sunan kishin ƙasa. Duk dokar da ta ba hukuma ikon ta ɗauki mutum ta kai shi inda ake mutuwa, ka tambayi kanka a hannun wa za ta faɗa bayan zaɓe biyu.

To Baba, sai mu zauna a yi ta yanka mu? A'a ɗana, Allah ya kiyaye. Ga inda nake ganin ya kamata kuɗin da ƙarfin su tafi. A faɗaɗa wuraren horo a ɗauki yaran nan da ke kwana a tasha suna roƙo, ninki biyu ko uku na yanzu, a hankali yadda za a samu masu koyar da su, kuma a tsabtace ɗibar, wanda ya ci gudu da gwajin lafiya shi ya shiga, a daina raba gurbi a falon manya. A riƙe wanda ke ciki da kyau, abinci, hutu bayan ya daɗe a daji, magani in ya ji rauni, haƙƙin iyalinsa in ya faɗi, don sojan da ya san ɗiyansa ba za su yi bara ba daban yake faɗa. A cika ƙauyuka da 'yan sanda, don aikin soja shi ne ya kora, riƙe gari na ɗan sanda ne, umarnin da shugaban ƙasa ya bayar a Nuwamban 2025 na janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane in an bi shi da gaske zai fi dokar tilas amfani a wurinmu.

Sannan abin da ya fi kusa da abin da kake nema, rundunar ko-ta-kwana ta masu sa kai. Saurayi ko magidanci da ke zaune a garinsu, mai gona ko sana'a, wanda mutanen gari sunka shaida, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Badakkare, a ba shi horon wata 3 a hannun soja, a ɗauki hoton yatsunsa, a sa shi ƙarƙashin dokar soja yadda in ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba kotun soja za ta kama shi, a ba shi alawus duk wata, makami ya kwana a ma'ajiya da lamba da rajista, kowane harsashi a san inda ya tafi, kuma kowane rukuni a ɗora masa tsohon saje ko samanja, ga mu nan birjik a Gusau da Zuru da Yawuri muna zaune ba a tambayarmu komai. Askarawan da gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar a Janairun 2024, mutum 2,645, mataki ne zuwa can, Katsina da Sakkwato ma sun yi irin nasu, sai dai gwamna ba ya da ikon ba su irin makamin da ɓarawo ke riƙe da shi, wanga a hannun tarayya yake, shi ya sa nake cewa a ɗaure abin da rundunar soja ta hanyar dokar majalisa. A Borno 'yan ƙato da gora da sunka tashi a 2013 sun yi tasiri ne saboda sun san kowa a unguwa kuma suna tafiya tare da soja, daga baya anka ɗauki wasunsu aikin soja sosai. Shi kuma sashe na 220 ɗin nan, kashinsa na biyu ya ba shugaban ƙasa damar samar da horon soja a makarantun sakandare da na gaba da su in sun nema, to a yi amfani da shi a koya wa yara taimakon gaggawa, yadda ake tsayar da jini, yadda ake fitar da ɗalibai daga makaranta cikin dare, yadda ake kai rahoto. Bayan satar ɗalibai a Jangebe da Birnin Yawuri da Maga ba wanda zai ce wanga ɓata lokaci ne.

Akwai ranar da zan canza baki. In wata ƙasa ta tsallako mana iyaka da runduna, masu sa kai sunka kasa isa, to a ɗebi kowa, ni ma da tsufana zan je in koyar. Shi ya sa ma nake son a fara gyara rajistar haihuwa da ta katin ɗan ƙasa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma ɗana, in zuciyarka na son kaki da gaske, ƙofa a buɗe take ba sai an tilasta maka ba. Ana cike fom ɗin a shafin rundunar soja na intanet kuma kyauta ne, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai sama maka gurbi ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi. Shekara 18 zuwa 22 ake nema, masu sana'ar hannu har 26, tsawo mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, da sakamakon sakandare mai darussa 4 har da Turanci, da lambar NIN da takardar ƙaramar hukumarka, ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kan dukkan takardun don a nan ake zubar da yara da yawa. Tunda kana karatu, shawarata ka ƙarasa tukuna, da digiri ko babbar difloma kana iya neman shiga a matsayin hafsa. Kafin nan ka nemi yardar mahaifiyarka, ka je asibiti a duba jininka da idonka da ƙirjinka, ka fara gudun kilomita 3 bayan sallar asuba kana ƙarawa a hankali, kuma ka nisanci ƙwaya ko ta wasa, don ana gwadawa.